Lalurar gindin ƙwaƙwalwa: a san irin aikin da za a yi kafin a sa hannu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini. Mu ma'aikatan lafiya ne 'yan zango a nan Kumasi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata lalura ta gindin ƙwaƙwalwa da mutanenmu na unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba da Alabar kan kai asibiti a makare, bayan an gama zagaya wanzamai da masu ɗori. In an kai kuma likita ya ambaci tiyata a ƙeya, sai dangi su rabu biyu, wasu su ce a yi yau-yau, wasu su kwashi mara lafiya su koma gida. Dukansu rashin bayani ne ke ɗawainiya da su. Aikin wannan wuri ba iri ɗaya ba ne, kuma wanda ya warkar da wani yana iya nakasa wani. Abin da ke raba su shi ne a gano me ya jawo matsin.

A ƙasan ƙoƙon kai, daidai inda kai ya hau kan wuya, akwai wata ƙofa mai faɗin kamar santimita 3 zuwa 3 da rabi. Ta nan kututturen ƙwaƙwalwa ke sauka ya zama laka, ta nan manyan jijiyoyin jini biyu ke hawa, ta nan kuma ruwan ƙwaƙwalwa ke kai da komo. Jikin babba kan samar da kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, ko da yake abin da ke ciki a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Duk bugun zuciya sai ruwan ya ɗan sauka wuya ya dawo. A saman ƙofar ƙaramar ƙwaƙwalwa take zaune, mai kula da daidaiton tafiya da motsin hannu, tana da 'yan leɓuna biyu a ƙasanta. Idan kwarmin ƙeya ya yi mata kaɗan tun daga halitta, leɓunan kan zarce cikin ƙofar su toshe ta kamar tsumma a bakin gora. Wani likita ɗan ƙasar Ostiriya, Hans Chiari, ya bayyana wannan a shekarar 1891, shi ya sa sunansa ne ake gani a takardar hoto. Idan leɓunan sun sauka milimita 5 ko fiye, sai a rubuta Chiari nau'i na ɗaya.

To amma ganin wannan suna a takarda bai isa a shiga ɗakin tiyata ba. Kimanin mutum ɗaya cikin ɗari da aka yi wa hoton MRI na kai ana samunsa da haka, kuma da yawansu babu abin da ke damunsu, har su tsufa. Wanda ba shi da alama, lakarsa kuma lafiya lau, ba a taɓa shi, sai dai a riƙa dubawa. Muna jaddada wannan domin ciwon kai ya yi yawa a cikin jama'a. Mai ciwon ɓarin kai da ke wuni da shi, da tashin zuciya da ƙin haske, ko mai hawan jinin da ba ya shan magani, aikin ƙeya ba zai raba shi da ciwonsa ba.

Ciwon kan wannan lalura yana da kamanninsa. A ƙeya yake, yana tasowa farat ɗaya idan mutum ya yi tari ko atishawa, ko ya tuntsire da dariya, ko ya yi yunƙurin bayan gida, ko ya ɗaga abu mai nauyi, sannan ya lafa cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintuna. Dalili kuwa, yunƙuri na tura jini cikin kai, ruwan da ya kamata ya kauce ta ƙofar ya rasa hanya. Wasu kan haɗa da jiri, tangaɗi, ƙwarewa wajen shan ruwa, dishewar murya, da ɗaukewar numfashi cikin barci.

Abin da ya fi ba mu tsoro ba ciwon kan ba ne. Idan hanyar ruwa ta daɗe a toshe, ruwa kan taru a tsakiyar laka ya yi kogo mai tsawo, ana ce masa siringomayeliya. Zaruruwan da ke ɗaukar jin zafi da jin ƙuna a tsakiyar laka suke gittawa, don haka su kogon ke fara ci. Sai ka ga mai tuyar waina ko ƙosai mai ya fallatsar mata a hannu ba ta ji ba, ko makanike a unguwar Suwame ya dafa ƙarfe mai zafi sai ƙauri ya sanar da shi, alhali in ka shafa hannun yana jin taɓawa. Daga baya tsokar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ta lotsa, yatsu su lanƙwashe, maɓalli ya gagari mutum. Akan ɗauke shi kuturta, ko a ce sammu ne. A yara kuwa sau da yawa baya ne ke karkacewa. Yaron da bayansa ya karkace tun bai kai shekara goma ba, ko karkacewar ke ƙaruwa da sauri, ya kamata a ɗauki hoton lakarsa tun daga ƙeya har ƙugu kafin a yi maganar miƙe baya da ƙarfe, ko da a asibitin ƙashi na FOCOS da ke Pantang kusa da Akra za a yi. Mai kogon da ke nuna alama ko yake girma, shi ne bai kamata a yi jinkiri da shi ba, domin abin da kogo ya ci na laka ba kasafai yake dawowa ba.

Kafin a sa wuƙa dole likita ya tabbata cewa ƙanƙantar kwarmin ce ta tura leɓunan. Wani lokaci ruwa ne ya cika kogwannin da ke cikin ƙwaƙwalwa yana dannowa daga sama, ko ƙari ne, ko kuma ruwan ne ke yoyo ta wani wuri a gadon baya har ƙwaƙwalwa ta zazzago. Kowanne da nasa magani, kuma buɗe ƙeya a irin wannan hali ƙara ɓarna ne. In ruwa ne ya taru, shi ake fara janyewa, sau da yawa leɓunan su koma da kansu. Haka nan duk wanda aka san yana da wannan lalura ya faɗa wa kowane likita kafin a soka masa allura a ƙugu don ɗiban ruwan laka, ko don kashe rabin jiki wajen haihuwa, saboda rage ruwa daga ƙasa na iya ƙara jawo leɓunan cikin ƙofar.

Aikin da aka fi yi shi ne faɗaɗa ƙofar ta baya. Bayan an sa mara lafiya barci, ana kifa shi rubda ciki, a riƙe kansa da maƙalar ƙarfe mai ƙusa uku, a ɗan sunkuyar da wuya. Ana tsaga fata a tsakiya daga tudun ƙeya zuwa ƙashin wuya na biyu, a bi ta farin layin da ke raba tsokar dama da ta hagu, inda jini ba shi da yawa. Daga nan a cire ƙashin ƙeya kamar santimita 3 a tsaye, 3 a kwance, haɗe da leɓen ƙofar na baya. Kusan koyaushe ana cire bayan zoben ƙashin wuya na farko, amma ba a wuce kamar santimita ɗaya da rabi daga tsakiya, domin jijiyar jinin da ke ciyar da kututturen ƙwaƙwalwa a kan wannan zobe take kwanciya ta kowane gefe. Ƙashi na biyu ana ƙoƙarin barinsa, musamman ga yara, saboda manyan tsokoki a jikinsa suke kama, in an cire shi wuya na iya ranƙwafawa gaba bayan shekaru. Faɗin ramin ma yana da ƙa'ida. In ya yi kaɗan, matsi na nan. In ya yi yawa, ƙaramar ƙwaƙwalwa ta rasa abin da ke tallafe ta, ta zauna cikin ramin, ciwon ya dawo fiye da da, gyaransa kuma sai da faranti.

A ƙarƙashin ƙashi akwai tantani mai kauri da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma a kansa ne likitocin duniya suka rabu. Wasu kan tsaya a ƙashi: su yanke wata igiyar nama mai tauri da ke ɗaure tantanin a bakin ƙofar, wani lokaci su feffeƙe bayan tantanin ya yi laushi, su duba da na'urar sikan ko ruwa ya fara wucewa bayan leɓunan, su rufe. Wannan ya fi sauri, zafinsa kaɗan, yoyon ruwa da wuya ya faru. Aibinsa shi ne an fi samun waɗanda sai an koma musu aiki na biyu. Wasu kuma kan tsaga tantanin, su ɗinka masa faci don ya zama jaka mai yalwa. In leɓunan sun sauka ƙwarai, a ɗan ƙona bakinsu da wutar tiyata su takure, a kuma duba ƙaramar mafitar ruwa da ke tsakaninsu ko yana ta rufe ta. A nan ake taka-tsantsan da wata jijiyar jini da ke nannaɗe da leɓunan, don raunata ta shanyewar jiki ce. A namu ganin, babban mutum mai kogo a laka ya fi cin moriyar buɗe tantani da faci, yaro mai ciwon ƙeya kaɗai ba kogo kuwa ana iya tsayawa a ƙashi. Iyali su tambayi likita wanne zai yi, kuma me ya sa.

Su kuma tambayi daga ina facin zai fito. Ana iya yanko shi daga tantanin da ke manne da ƙoƙon kan mara lafiyan, ko daga fatar tsokar cinyarsa. Akwai na roba, akwai na jikin saniya, akwai kuma wanda ake sarrafawa daga jikin alade. Musulmi na da haƙƙin ya sani tun kafin ranar aiki. Na jikin mutum kansa ba a sayensa, jiki kuma bai cika yin faɗa da shi ba, ga mai ƙaramin ƙarfi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Aikin kan ɗauki awa 2 zuwa 4, kwanciyar asibiti kwana 3 zuwa mako guda in komai ya tafi daidai. Kafin ranar a tabbata an gwada sikila, a kuma tanadi 'yan uwa masu ba da jini. Ciwon ƙeya mai tashi da tari kan tafi ga kusan takwas cikin goma. Kogon laka kan motse a hankali cikin watanni, shi ya sa ake sake hoto bayan wata 3 zuwa 6. Sa bututu a cikin kogon kansa don zubar da ruwan ba shi ne matakin farko ba. Sai buɗe ƙofar ya kasa ake komawa gare shi, domin sai an tsaga laka, kuma bututun kan toshe.

Matsalar da ta fi yawa bayan aiki ita ce yoyo. In ɗinkin facin bai kama ba, ruwa kan taru ƙarƙashin fata, ƙeya ta kumbura luguf-luguf, ta ƙara cika idan an yi tari. Ƙarami kan baje da kansa. Amma don Allah kada a bar kowa ya tsaga shi ko ya kafa masa ƙaho, wannan kumburi a haɗe yake da ƙwaƙwalwa. In aka ga ruwa garai yana jiƙa matashi, a koma asibiti a ranar, saboda inda ruwa ya fita nan ƙwayar cuta ke shiga ta zama sanƙarau. Akwai kuma wani zazzaɓi da sanƙarewar wuya da kan zo mako ɗaya zuwa uku bayan aiki ba tare da ƙwayar cuta ba, jini ko faci ne ke fusata tantani, maganin kumburi kan kwantar da shi. A gida ba a iya bambance shi da sanƙarau na gaske. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce zazzaɓin sauro ne, a sayo magani a kemis, a yi asarar kwana biyu. Yoyon da aka ɗinke ya sake dawowa, sau da yawa alama ce ruwa ya taru a kai, sai an janye shi sannan rauni ya kame.

Ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14. Mako shida ba ɗaukar abin da ya wuce kilo 5, ba ɗora kaya a ka ko kaɗan, abin da 'yan uwanmu mata masu dako a kasuwar Kejetia ya kamata a shirya musu tun kafin aiki, don su san da me za su ci. A guji hawa babur a hanya mai gargada, a ci ganye a sha ruwa kada ciki ya ɗaure a yi ta yunƙuri. Salla a yi ta a zaune da ishara har likita ya ba da izinin sujada.

Akwai wasu da matsalarsu ta ƙashi ce ta gaba. Ƙashin wuya na biyu yana da wani turke a tsaye wanda na farko ke juyawa a kansa. A wasu mutane turken kan cusa kai cikin ƙofar ya danne kututturen ƙwaƙwalwa ta gaba, ko kuma haɗin ƙasusuwan biyu ya yi sako-sako. Masu gajeren wuya da gashin ƙeya ya sauko ƙasa, da yara masu lalurar Down, an fi samunsa a cikinsu. Tarin fuka ma kan ci waɗannan ƙasusuwa, shi kuwa magani da abin riƙe wuya ake fara ba shi. Hoton CT ne ke nuna ƙashi, da hoton wuya a sunkuye da a ɗage. In tazarar turken da gaban zoben ƙashi na farko ta wuce milimita 3 ga babba, ko 5 ga yaro, haɗin ba shi da ƙarfi. Irin wannan mutum in aka buɗe masa ƙeya kaɗai, an cire ɗan abin da ke riƙe da shi ne, kai ya ƙara zamewa gaba. Shi kuma ne murɗa wuya a wurin mai ɗori ko mai tausa ke iya shanye wa hannu da ƙafa nan take.

Nasa aikin dabam ne. Akan fara jan kai da nauyi a hankali a ga ko turken zai sauko. In ya sauko, sai a ɗaure ƙashi na farko da na biyu ta baya da sukurori da 'yan sandunan ƙarfe, hanyar da likita Atul Goel na birnin Mumbai ya shahara da ita, ko a haɗa har da ƙashin ƙeya. Ana dasa ɓarɓashin ƙashi daga ƙugu ko haƙarƙari don su manne cikin wata 3 zuwa 6. Kafin a ɗaura sukuru sai an ɗauki hoton jijiyoyin jinin wuya, domin a masu wannan halitta sukan bi hanyar da ba a saba ba. In turken ya ƙi sauka, a cire shi ta baki ko ta hanci da na'urar leƙe, sannan duk da haka a ɗaure ta baya. A gaya wa mara lafiya gaskiya tun farko: kusan rabin waiwayen wuya daga wannan haɗi yake, bayan an ɗaure shi sallamar salla da duba hanya sai da kafaɗa. Direban trotro, wato motar haya, ya san wannan kafin ya sa hannu.

Sai jarirai. Wanda aka haifa da buɗaɗɗen baya, laka a waje cikin 'yar jaka, kusan koyaushe yana da Chiari nau'i na biyu, inda har kututturen ƙwaƙwalwa ke sauka cikin wuya. A kwantar da shi rubda ciki, a rufe wurin da tsumman asibiti mai tsabta da aka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, kada a shafa man kaɗanya ko toka ko garin magani. Cikin awa 48 zuwa 72 ake son a rufe bayan. Kusan takwas cikin goma ruwa kan taru musu a kai, don haka a riƙa auna kewayen kai a wurin awo ana rubutawa a littafi. Jariri kan zo da kusan santimita 35. Kan da ke tsallake layukan littafin, maɗiga a kumbure, idanu na kallon ƙasa, ba girman kan gado ba ne. Ana janye ruwan da siririn bututu mai sassa uku: ɗaya a cikin kogon ƙwaƙwalwa, bawul mai daidaita gudun ruwan a bayan kunne, sai dogo da ke bin ƙarƙashin fata zuwa ciki. Kusan huɗu cikin goma kan toshe ko su kamu da cuta a shekara ɗaya ko biyun farko, kuma amai da yawan barci su ne alama. Akwai wata hanya ba bututu, a huda ƙasan kogon da na'urar leƙe, a ƙona sashen da ke samar da ruwan. Likita Benjamin Warf ne ya inganta ta a garin Mbale na Yuganda saboda yaran da ke nesa da asibiti. A tambaya ko jaririn ya dace da ita.

Ga iyaye mata da kakanni muna da roƙo na musamman. Irin wannan jariri in ya fara numfashi da ƙara kamar ana shaƙe shi, ko kukansa ya dishe, ko nono na fitowa ta hanci, ko ya ɗauke numfashi leɓensa ya yi baƙi, ba beli ba ne, kada a kira wanzami. Jijiyoyin maƙogwaro ne ke shan matsi daga kututturen ƙwaƙwalwa, yanka beli kuwa jini zai ƙara a hanyar iskar da ta riga ta ƙuntata. A garzaya Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye. Abin da za a fara dubawa shi ne ruwan kai da bututun, don gyara shi kaɗai kan wadatar. In bai wadatar ba ake buɗe bayan ƙasusuwan wuya na sama. A waɗannan jarirai ba a cika taɓa ƙashin ƙeya ba, domin ƙofarsu dama a buɗe take, kuma babbar matattarar jini ta sauko kusa da ita. Wasu sai an huda musu maƙogwaro na ɗan lokaci. A Amurka, binciken da aka buga a 2011 ya nuna rufe bayan tun ɗa yana ciki kafin mako na 26 ya rage buƙatar bututu daga kashi 82 zuwa kashi 40 cikin ɗari, sai dai yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini.

Abin da ke hannunmu a nan ya fi wannan araha nesa ba kusa ba. Lakar ɗan tayi kan gama rufewa cikin kwana 28 da shigar ciki, tun mace ba ta tabbatar tana da juna biyu ba, saboda haka maganin folik asid da ake bayarwa a awon ciki a wata na uku ya makara ga wannan. Amarya ko duk mai neman haihuwa ta fara shan maikirogiram 400 kullum tun kafin ciki. Wadda ta taɓa haifar mai buɗaɗɗen baya, miligiram 4 zuwa 5 take buƙata. Mai ciwon sukari, da mai shan maganin farfaɗiya irin su balfurowet, su ga likita tun kafin ciki. Da limamanmu da masu wa'azin mata za su sa wannan cikin nasihar aure, da an rage kuka a gidaje da yawa.

Batun kuɗi kuwa, a sani cewa inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta ware aikin ƙwaƙwalwa daga abin da take biya, in ba na haɗari ba. Iyali su nemi a rubuta musu lissafi dalla-dalla: ɗakin tiyata, ɗakin kulawa ta musamman, faci ko bututu ko sukurori, da hoton da za a sake bayan aiki. Su je ofishin jin daɗin jama'a na asibitin tun da wuri. Su riƙe faifan hoton kansa, ba takardar rahoto kaɗai ba, domin in suna son jin ta bakin likita na biyu a asibitin Korle Bu ko asibitin sojoji na 37 a Akra, hoton zai so ya gani. Muna kira ga 'yan majalisarmu na Asawase da maƙwabta da su matsa a shigar da aikin jariran da aka haifa da buɗaɗɗen baya da masu ruwa a kai cikin inshorar gaba ɗaya, har da kuɗin bututu, muna kuma roƙon sarakunan zango da kwamitocin masallatai su ware musu kaso daga zakka.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya 'yan zango,
Kumasi, Ghana.